JININ DASASHI: ASUWAKI, MAGUNGUNAN GIDA, DA RANAR DA SAI AN KANKARE

Bismillahir Rahmanir Rahim.

 

Yau za mu tsaya ne a kan dasashi, wanda wasu ke cewa dadashi, wato naman nan da ya riƙe haƙora. Koken da ya fi yawa a kansa guda ɗaya ne: "Malam, duk sanda na yi asuwaki sai in ga jini." Wani a gutsuren rake yake gani, wata a burushi, wani kuma ya tashi da asuba ya ji ƙarnin jini a bakinsa. Mafi yawan mutane abu biyu suke yi. Ko dai su ce zafi ne ya yi musu yawa, su share, ko kuma su daina taɓa wurin da asuwaki wai don kada su fama ciwo. Duka biyun kuskure ne, na biyun ma ya fi muni.

Ruwa ba ya tsami banza. Dasashi mai lafiya ba ya jini don an goge shi a hankali. Idan ya yi jini, to akwai dauda maƙale a gindin haƙori, kuma ba zai daina ba sai an raba shi da ita. A kan wannan duk bayanin yau zai gudana: wace dauda ce mutum zai iya cirewa da hannunsa a gida, wace ce kuma ta fi ƙarfin asuwaki da saiwa.

*YADDA CIWON YAKE FARAWA*

Ka sa farcenka ka ɗan karci haƙorinka da safe kafin ka wanke baki. Za ka ga wani abu fari-fari mai yauƙi. Mutane suna ɗauka ragowar abinci ne kawai. Mafi yawansa ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, waɗanda suke taruwa su manne a jikin haƙori, suna cin abin da muka ci, musamman sukari da kayan fulawa. Inda suka fi son zama shi ne daidai mahaɗar haƙori da dasashi, da kuma tsakanin haƙora, don can ne asuwakin gaggawa ba ya isa.

Idan wannan dauda ta kwana ta wuni a wurin, jiki yakan tura jini da dakarunsa don su yaƙe ta. Shi ya sa dasashi yake ja, ya kumbura, ya yi laushi, ana taɓa shi sai jini. Wannan shi ne mataki na farko. Albishirinku, a wannan matakin ciwon yana warkewa sarai, ba ya barin tabo. Idan aka tsare wanke baki yadda ya kamata, cikin mako ɗaya zuwa biyu jinin yakan tsaya.

Idan kuwa aka bar ta, sinadaran da ke cikin yawu sukan shige ta, ta daskare ta zama kamar dutse. Cikin kwanaki kaɗan take fara tauri. Ita ce wannan abu mai ruwan ɗorawa ko baƙi-baƙi da ake gani a gindin haƙora, wasu su ce tsatsar haƙori. Ka ɗauki madubi ka duba bayan haƙoranka na ƙasa na gaba, ta wajen harshe. A nan ta fi taruwa, saboda a nan yawu yake ɓulɓulowa. Jikinta kaushi gare shi, don haka sabuwar dauda takan samu wurin maƙalewa a kanta.

Daga nan sai mataki na biyu. Dasashi ya fara sakin haƙori, rami ya buɗe tsakaninsu kamar aljihu. A mai lafiya zurfin wurin bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba. Idan ya kai 4 ko ya wuce, asuwaki ba ya iya kaiwa ƙasansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayoyin cutar su sauka can ciki, kumburin ya kai ga ƙashin muƙamuƙi wanda saiwar haƙori ke dashe a cikinsa, ƙashin ya dinga zaizayewa a hankali, shekara da shekaru. Abin tsoron shi ne yawanci ba ya zafi. Mutum yana cin tuwonsa lafiya, sai wata rana ya ji haƙori yana girgiɗi. Kuma ƙashin da ya riga ya tafi ba ya dawowa da kansa. Abin da ake iya yi shi ne a tsayar da ɓarnar inda ta tsaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2022 kan lafiyar baki, ta ƙiyasta cewa mutum sama da biliyan 1 ne ke fama da wannan mataki mai tsanani. Da yawa daga cikin dattawan da muke cewa tsufa ne ya zubar musu da haƙora, wannan ciwon ne ya zubar.

Alamomin da ke nuna an shiga mataki na biyu:

1. Warin baki da ba ya tafiya ko an wanke.
2. Haƙora sun yi kamar sun ƙara tsawo, saboda dasashi ya janye.
3. Mugunya tana fita idan aka danna dasashi.
4. Haƙori yana motsi, ko wushiryar da ba a haife ka da ita ba ta fara buɗewa.
5. Ruwan sanyi ko shayi mai zafi yana tsirga maka a gindin haƙori.

*ASUWAKI: SUNNA CE, AMMA A IYA TA*

Babu addinin da ya kula da baki kamar namu. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa abin da ya hana Manzon Allah (SAW) umartar mu da asuwaki a kowace sallah shi ne gudun kada ya tsananta mana. Nana A'isha (RA) ta ba da labari cewa da asuwaki yake farawa idan ya shigo gida. Huzaifa (RA) ya ce idan ya tashi cikin dare yakan goge bakinsa da shi. Har a ciwon ajalinsa, da ya ga asuwaki a hannun Abdurrahman ɗan Abubakar, Nana A'isha ta karɓa ta tausasa masa, ya yi amfani da shi. A littattafan da muka taso a kansu, irin su Ishmawi, yana cikin mustahabban alwala.

To me ya sa ake samun mai asuwaki sau biyar a rana kuma dasashinsa yana jini? Saboda da yawa muna riƙe asuwaki ne kamar sigari. Yana gefen baki ana tauna, ana hira, a ɗan gurza haƙoran gaba guda shida, a mayar aljihu. Lada in sha Allahu an samu gwargwadon niyya, amma dauda tana nan a turame da bayan haƙora.

Ga yadda ake yi:

• A samu icen da bai wuce kaurin ɗan yatsa ba. Mafi kyau shi ne icen arak, wanda ake sayarwa a bakin masallatai kuma alhazai ke kawo tsaraba. Da shi Sahabbai suka yi, har Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) yakan hau bishiyarsa ya yanko. Idan babu, darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina, tana aiki sosai. Haka ma marke.

• A fere bawon bakinsa kamar rabin gaɓar yatsa, a tauna har ya yi laushi kamar gashi. Idan ya bushe, a jiƙa shi a ruwa mai tsabta tukuna. Busasshen asuwaki mai tsini yanka dasashi yake yi.

• A fara da dama. A ɗora gashin daidai inda haƙori ya haɗu da dasashi, a ɗan karkata shi, a motsa a hankali, sannan a sharo daga dasashi zuwa bakin haƙori. Haƙori ɗaya bayan ɗaya.

• Kowane haƙori fuska uku gare shi: ta waje, ta ciki wajen harshe, da saman da ake tauna. Ta cikin nan ita aka fi mantawa, kuma ita ta fi tara tsatsa.

• A goge harshe.

• A yanke bakin da aka yi amfani da shi kullum ko bayan kwana biyu, a buɗe sabo. A wanke shi, a bar shi ya sha iska. Kada a jefa shi aljihu ɗaya da kuɗi da makulli.

Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya yi magana a kan asuwaki a ɓangaren magani na Zadul Ma'ad. Ya lissafa ƙarfafa dasashi cikin amfaninsa, sannan ya ja kunne a kan abu biyu: kada a yanko daga bishiyar da ba a sani ba don tana iya zama mai guba, kuma kada a wuce iyaka wajen gurzawa don yana iya cinye ƙyallin haƙori. Masu dirzar baki kamar suna wanke tukunya, ku ji wannan. Ƙarfi ba ya cire dauda fiye da yadda laushi ke cirewa, sai dai ya kori dasashi ya bar saiwa a waje.

Burushi da man goge baki kuma ba kishiyoyin asuwaki ba ne. A haɗa su. Burushi mai laushin gashi, da man da ke da sinadarin fuloraid, safe da dare, minti biyu. Na dare ya fi muhimmanci, don yawu yana raguwa idan mutum ya yi barci, ƙwayoyin cuta su samu sarari. A sauya burushi duk wata uku. Kowa da nasa, har yara. Asuwaki kuma ya riƙe sauran wunin, a kowace alwala.

Saura tsakanin haƙora. Asuwaki da burushi duk ba sa shiga can sosai. Akwai zaren sakace da ake sayarwa a manyan kemis, sau ɗaya a rana ya isa. Idan da tsinken sakace za a yi, a yi a hankali. Allura, reza, tsinken tsintsiya da kan biro, don Allah a bari.

Sai babbar magana: idan ka fara wannan, jini zai fito a kwanakin farko, wataƙila ma ya fi na da. Kada ka tsaya. Wurin da ya fi jini shi ya fi bukatar gogewa, a hankali dai. Jinin zai dinga raguwa da kansa.

*MAGUNGUNAN GIDA*

Waɗannan mataimaka ne. Suna rage kumburi, su ɗaure dasashi, su kashe kaifin wari. A zaɓi ɗaya ko biyu, ba sai an haɗa duka ba. Dukkansu kurkurawa ake yi a tofar, ba a haɗiyewa.

*1. Ruwan gishiri.* Rabin ƙaramin cokali a kofi ɗaya na ruwan ɗumi. A kurkure kamar rabin minti, sau biyu ko uku a rana. Shi ne mafi sauƙi, kuma kowane gida akwai shi. Mai hawan jini ya kula sosai kada ya haɗiye. Kada a goga gishiri tsurarsa a dasashi, yana ƙuje shi.

*2. Bagaruwa.* A samu kwanso uku ko huɗu busassu, a wanke, a farfasa, a tafasa a ruwa kofi biyu kamar minti goma. A tace, a bari ya huce. A kurkure safe da yamma. Baurin nan da ke cikinta, wanda majema ke jeme fata da shi, shi ne yake tsuke dasashi ya rage jini. Kada a wuce mako guda ana yi a jere, don tana busar da baki kuma tana iya rina haƙora.

*3. Kanumfari.* Ƙwara biyar ko shida a kofin ruwan zafi, a rufe minti goma sha biyar, a tace. Yana rage zugi da wari. Amma man kanumfari na kwalba ƙarfi gare shi, idan aka ɗiga shi tsurarsa yana ƙona dasashi. Sai an sirka ɗigo ɗaya a cokalin man zaitun. Ba a sa wa ƙananan yara.

*4. Ganyen goba.* Sabbin ganye biyar ko shida, a wanke, a tafasa, a tace, a kurkure da ɗuminsa.

Duk abin da aka dafa, a yi na yini ɗaya. Wanda ya kwana a zafin garin nan, a zubar a sake sabo.

A gyara abinci kuma. Ƙarancin bitamin C shi kaɗai yana sa dasashi ya kumbura ya yi jini. Goba, lemu, mangwaro, tattasai, tumatir, zogale da garin 'ya'yan kuka duk suna da shi. A rage shayi mai sukari cokali huɗu, da alawa, da lemon kwalba, musamman dab da kwanciya.

*ABUBUWAN DA BA A SA WA A BAKI*

Zafin ciwo yana sa mutum ya karɓi kowace shawara. Wallahi ana ganin abin tausayi. Kada a sa ruwan batir. Kada a sa fetur ko kananzir. Kada a danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi, tana ƙona naman ya yi fari ya saɓule. Kada a cusa kanwa ko taba gari. Kada a dirje haƙora da gawayi, toka ko yashi, ko a shafa lemon tsami don neman fari, duk suna cinye rufin haƙori, kuma shi ma ba ya tsirowa.

Haka nan sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis duk sanda dasashi ya kumbura. A sha kwana biyu, kumburi ya sauka, a ajiye. Bayan wata biyu ya dawo, don abin da ya kawo shi yana nan daram. Irin wannan shan yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, ranar da ake bukatarsa da gaske ya ƙi aiki. Likita ne zai ce a sha ko kada a sha.

*RANAR DA SAI AN KANKARE*

A nan nake so ku ba ni hankalinku. Daudar da ta riga ta zama dutse, babu saiwa, babu ganye, babu man goge baki da zai narkar da ita. Duk mai maganin da ya ce maka yana da garin da zai zubar da ita, ko ya mayar da ƙashin da ya zaizaye, to kuɗinka yake so. Mu masu harkar itatuwa ya kamata mu fi kowa faɗin wannan, don amana ce. Abu ɗaya ke cire ta: a kankare da ƙarfe.

Wani zai ce ai wannan aikin Turawa ne. To saurara. Abul Ƙasim Az-Zahrawi likita ne Musulmi da ya rayu a Andalus, kusa da birnin Ƙurɗuba, a ƙasar Sifen ta yau, ya rasu wajen shekara ta 1013 Miladiyya. Ya rubuta littafinsa At-Tasrif kashi 30, na ƙarshen a kan aikin tiyata. A ciki ya yi bayanin wannan ɓawon da ke taruwa a gindin haƙora yana lalata dasashi har mugunya ta fito. Bai rubuta masa jiƙo ba. Ya ce a zaunar da mara lafiya a kankare, idan bai fita duka a rana ɗaya ba a sake washegari da jibi. Har zanen ƙarafan kankarewar ya yi, kala-kala, don na haƙoran sama daban, na ƙasa daban, na tsakani daban. An fassara littafin zuwa Latin, Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna karantar da shi. Ke nan wanda ya je aka wanke masa haƙori a asibiti bai bar maganin Musulunci ba, gadon kakanninsa ya je ya karɓa.

Yau likitocin haƙori suna yi da wata na'ura mai karkarwa da feshin ruwa, da ƙananan ƙarafan hannu. Idan aljihun ya yi zurfi, sukan yi allurar kashe zafi su shiga ƙarƙashin dasashi su share saiwar. Wani lokaci sukan ɗauki hoton haƙori don a ga yawan ƙashin da ya rage. Sukan kuma rubuta wani ruwan kurkure baki na mako ɗaya ko biyu. A tsaya a kwanakin da suka ce, don idan ya daɗe yana rina haƙora.

Akwai maganar da ke yawo cewa wankin haƙori a asibiti yana sa haƙora su yi girgiɗi, ko ya buɗe giɓi. Ga gaskiyar abin. Dutsen nan ya cika wurin da nama da ƙashi suka bari, ya manne haƙoran kamar siminti. Idan aka cire shi sai ramin da ya ɓoye ya bayyana. Ciwon ne ya haƙa ramin tun tuni, wankin tona shi kawai ya yi. Tsirgawar ruwan sanyi da ake ji bayan wankin takan lafa cikin kwanaki ko 'yan makonni, dasashi kuma ya koma ya kama jikinsa. Wanda ya bar dutsen don tsoron giɓi, ƙarshenta haƙorin gaba ɗaya zai rasa.

Akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri, da manyan asibitocin jihohi da dama. A je inda ake dafa kayan aiki. Masu yawo da jaka a kasuwa suna cire haƙori da ƙarfe ɗaya daga wannan baki zuwa wancan, a guje su, ta nan ake ɗaukar ciwon hanta da abin da ya fi shi. Kuɗin wanki sau ɗaya a shekara bai kai kuɗin cire haƙori da dasa na roba ba.

*WAƊANDA ZA SU ƘARA KULA*

*Masu ciwon suga.* Suga da ciwon dasashi abokan tafiya ne. Suga idan ya hau, dasashi ya lalace da wuri. Dasashi idan ya ruɓe, suga ya ƙi sauka. Duk wanda ya haura shekara 40, dasashinsa yana yawan kumbura yana mugunya, ga yawan fitsari da ƙishirwa, ya je a auna masa suga.

*Masu juna biyu.* Sauyin da ciki ke kawowa yana sa dasashi saurin kumburi da jini. 'Yar uwa, kada ki daina goge baki. Idan kin yi amai, ki kurkure da ruwa, ki ɗan jira kafin ki sa burushi. Wankin haƙori ba ya cutar da ciki, ki dai gaya wa likita kina da shi. Cikin magungunan da muka lissafa, ki tsaya a ruwan gishiri.

*Masu shan sigari da shisha, da masu sa taba a leɓe.* Taba tana tsuke jijiyoyin jini, sai dasashi ya ƙi yin jini alhali yana ruɓewa ta ciki. Mai shan taba yakan ga bakinsa shiru ya ɗauka lafiya ce. Kuma ko an yi masa aiki, bai cika warkewa kamar wanda ba ya sha ba. Ga dalili kan dalili na tuba daga gare ta.

*Masu cin goro.* Jan da goro ke bari yana rufe tsatsa, a kasa gane ta. A kurkure baki bayan an ci.

*Masu shan wasu magunguna.* Wasu magungunan hawan jini, irin su amlodipine da nifedipine, da wani maganin farfaɗiya, suna sa dasashin wasu mutane ya yi kauri ya hau kan haƙora. Masu tsinka jini kuma suna ƙara zubarsa. Kada ka daina maganinka da kanka. Ka koma wurin likitan da ya rubuta, ka nuna masa.

Idan kuma jini yana fita da kansa ba a taɓa ba, ga haɓo, ga tabo a jiki ba tare da an bige ba, ga kasala da zazzaɓi, wannan ya wuce maganar baki. A je a gwada jini ba tare da jinkiri ba. Haka wanda fuskarsa ko ƙasan haɓarsa ta kumbura, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiya ko numfashi ya yi wuya: asibiti a daren, ba a jira safiya.

*IYAYE MATA, KU BUƊE BAKIN YARANKU*

Akwai cutar da ake kira zaizayar baki, likitoci su ce noma. Tana kama yara, galibi 'yan shekara 2 zuwa 6, waɗanda ba sa samun isasshen abinci, sau da yawa bayan sun tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Da ciwon dasashi take farawa: jini, ɗan gyambo, wari mai tsanani, dalalar yawu, yaro ya ƙi abinci. Cikin kwanaki kaɗan kunci ya kumbura, ya yi baƙi, ya ɓule. Idan ba a yi magani ba, kusan 9 cikin 10 ba sa tashi. Idan kuwa aka kai da wuri, tun tana dasashi, maganin asibiti da abinci mai kyau suna tsayar da ita.

Ba iska ba ce, ba sammu ba ne, ba bakin mutane ba ne. A yi addu'a, a yi tofi, amma a yi su a kan hanyar asibiti. A Sakkwato akwai asibitin yara na musamman domin wannan cuta tun 1999, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bayan Najeriya ta jagoranci neman hakan. Uwa ta riƙa duba bakin ɗanta duk mako, musamman wanda aka yaye ko ya tashi daga ciwo. A goge masa da tsumma mai tsabta ko ɗan ƙaramin burushi, a yi masa rigakafin ƙyanda.

*HUKUNCI A TAƘAICE*

Ana yawan tambaya ko jinin dasashi yana karya alwala. A mazhabar Imam Malik ba ya karyawa, haka a ta Imam Shafi'i. Ka tofar, ka kurkure, ka yi sallarka.

Mai azumi ya tofar da jinin, kada ya haɗiye da gangan. A wurin Malikiyya asuwaki ya halatta ga mai azumi duk tsawon yini, sai dai sun karhanta ɗanye mai ruwa don gudun wani abu ya wuce maƙogwaro. Burushi da kurkure-kurkuren magani a bar su zuwa bayan buɗa baki da lokacin sahur.

Kuma mu tuna, an hana wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa kusantar masallaci saboda cutar da mutane da Mala'iku. Wanda bakinsa ke wari saboda ciwon da yake da magani, ya duba haƙƙin na kusa da shi a sahu, da haƙƙin iyalinsa a ɗaki. Miji ya gaya wa matarsa cikin hikima, mata ta gaya wa mijinta cikin ladabi. Wannan nasiha ce, ba cin fuska ba.

*ABIN YI DAGA DAREN YAU*

Ka ba kanka mako biyu. Burushi safe da dare, asuwaki a kowace alwala yadda muka bayyana, sakace sau ɗaya, ruwan gishiri ko bagaruwa, a rage zaƙi. Idan jini ya tsaya, alhamdu lillahi, ka ɗore a haka, kuma ka je a duba maka ko sau ɗaya a shekara. Idan mako biyu suka cika jini bai tsaya ba, ko ka ga dutse a gindin haƙora, ko ɗaya daga alamomi biyar ɗin can, to lokacin kankarewa ya yi. Kada ka ƙara sayen wani ƙulli, ka kama hanyar likitan haƙori.

Annabi (SAW) ya umarce mu da neman magani, kuma ya sanar da mu cewa Allah bai saukar da cuta ba tare da maganinta ba. Wani maganin a saiwa yake, wani a hannun likita. Mai warkarwa Allah ne Shi kaɗai.

A tura wa 'yan uwa, wataƙila ka zama sanadin tsirar haƙorin wani ko fuskar wani yaro. Allah Ya bar mu da haƙoranmu har tsufa, Ya sa bakunanmu su cika da ambatonSa. Wallahu a'alam.